Sarki da Alƙalami

Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo tsakaninmu, watau ko ya kamata mai mulki ya zama ma'abucin alƙalami. Waɗansu suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, wanda ya sunkuya bisa takarda ba ya ganin abin da a ke yi a ƙofar gari. Waɗansu kuwa suna cewa ai sarkin da bai iya rubutu ba bawan magatakardansa ne. Tun da ya ke gardama ba ta ƙarewa da ɗaga murya, mun ga ya fi kyau mu kawo labarin sarakuna biyu da suka riƙe alƙalami da gaske, ɗaya na gida, watau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗaya kuwa na can Birnin Sin inda Bahaushe ke kai misali in yana nufin iyakar nisa. Amma sai mu fara duban rubutun kansa tukuna, don in ba a san yadda littafi ya ke a zamanin da ba, rabin labarin ba zai fahimtu ba.

Duk wanda ya yi makarantar allo a cikinmu ya san kayan aikin. Alƙalami na sillen kara ne ko na gamba, a fiƙe shi da aska, a tsaga bakinsa kaɗan don ya riƙe tawada. Tawada iri biyu ce. Ta allo da gawayi ko baƙin tukunya a ke yinta, a zuba ƙaro, don ta wanku in yaro ya biya karatunsa. Ta takarda kuwa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe a ke dafa ta, ita ba ta wankuwa, sai ta shekara ɗari biyu ba ta koɗe ba. Takardar ce abin wuya. Ba a yinta a ƙasar nan a wancan zamani. Daga Italiya ta ke fitowa, ta sauka Tarabulus, raƙuma su ƙetare Sahara da ita har Kano da Katsina. Mafi yawanta in an ɗaga ta ga haske a kan ga jinjirin wata uku a jere cikin jikinta, alamar masu yinta ke nan. Abin da ya sha irin wannan tafiya kuwa ba a ba yaro ya ɓata, shi ya sa allo ya zama na almajiri, takarda ta zama ta malami.

Hannun da mu ke rubutu da shi jikan na Magariba ne, ba na Masar ko Hijaz ba. Shi ya sa mu ke sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, alhali mutanen Gabas fa a sama su ke ɗiga mata, ƙaf kuwa ɗigo biyu. Har mun raɗa wa baƙaƙen sunaye na kanmu bisa ga siffarsu, su lam ara da mim jaye da ha kuri. Alaramma in zai rubuta Alƙur'ani da ka, bisa riwayar Warshu, ba kurtu ɗaya ya ke ajiyewa ba. Babbaƙu da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa, sa'an nan a sa kore inda a ke sadar da alifi. Hannun Alƙur'ani mai kauri ne mai nauyi, ko wane baƙi yana zaune daram kamar an kafa turke. Barno ce ta fi suna wajensa, har a kan kai Alƙur'anan da aka rubuta can a sayar a Arewacin Afirka, daga baya Kano ta yi nata hannun. Littattafan ilmi kuwa da wasiƙu da hannu mai sauƙi mai sauri a ke yinsu, don ɗalibi ya kan ari littafi ne na 'yan kwanaki, ya kwafe, ya mayar.

Ga abin da mu ke so a riƙe. Littafinmu na da ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne a sake, a jera su, a sa tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, a zura cikin gafaka. Babu lamba a shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma guda da marubuci ke sa wa a gindin warƙa, watau kalmar da za ta fara warƙa ta gaba. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai, don malami ya iya raba littafi ɗaya ga ɗalibai goma su yi ta kwafa lokaci guda. Amma fa in ɗaurin ya kwance a fili, iska ta taso, aikin shekara ya tafi ke nan.

To, wanda ya bi hanya daga Faskari ko daga Ƙanƙara ya nufi yamma, ya wuce Tsafe, zai iske 'Yandoto. Yau cikin Jihar Zamfara ta ke, amma a da ƙasar Katsina ce, garin malamai ne tun da daɗewa, har a kan ce daga nan Korau ya fito wanda ya ci sarautar Katsina. Sa'ad da jihadi ya tashi cikin 1804, malaman 'Yandoto suka rabu, waɗansu suka bi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da yawa kuwa suka ƙi. A ranin da ya haɗa 1805 da 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna, tare da Umaru Dallaji, ya sauka kusa da garin, ya aika yana neman a zauna a yi munazara, wanda hujjarsa ta rinjaya a bi shi. Malaman suka ƙi ko da ganinsa. Aka yi yaƙi, aka ci garin, malamai suka watse.

Bayan 'yan shekaru Shehu Laminu na Barno ya shiga musayar wasiƙu da Sakkwatawa, yana tuhumarsu da abubuwa da dama. Cikin tuhumar har da cewa mutanensu suna wulakanta littattafai, suna watsa su bisa hanya da cikin ƙazanta, ga shi kuwa akwai sunan Allah a ciki. Bello bai musanta aukuwar abin ba. Ya amsa da cewa shi kansa ya gani da idonsa a wani gari da suka ci, wanda masu tarihi ke ɗauka 'Yandoto ne. Ya ga iska tana kwasar warƙoƙi, ya yi ta tsinta har ya gaji sabo da yawansu, ransa ya ɓaci, ya tara jama'a ya bincika, aka ce masa gardamar ganima ce tsakanin ƙananan mayaƙa ta jawo haka. Ku dubi wannan sura: saurayi ɗan shekara 25, shugaban runduna, ranar nasara, yana sunkuye yana bin takarda cikin ƙura. A ganinmu amsar nan ta nuna mutum wanda ya san darajar warƙa. Amma kuma ba mu ga ta mayar wa 'Yandoto littattafanta ba, garin bai sake komawa yadda ya ke ba. Abin da ya sa muka san wannan tuhuma ma, Bello ne ya kwafe wasiƙun abokin gardamarsa ya sa cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama cikin 1812. Ba ko wane mai iko ba ne ya ke adana maganar wanda ya zarge shi.

An haifi Bello cikin 1781. Ya yi karatu wajen ubansa da baffansa Malam Abdullahi da waɗansu malamai. Shi ya gina Sakkwato cikin 1809, aka yi masa mubaya'a bayan rasuwar Shehu cikin 1817, ya shekara 20 bisa gadon sarauta. Kada a zaci shekarun hutu ne. Tun shekarar farko Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa ba su bar shi ya huta ba, an lissafta masa yaƙi fiye da 40 da ya fita da kansa, babbansu na ƙarshe shi ne Gawakuke cikin 1836. Duk da haka littattafan da a ke jingina masa, manya da ƙanana, sun haura 100.

Abin lura shi ne irin abin da ya ke rubutawa. Ƙasar da ya gada tana da faɗi ƙwarai, daga Sakkwato zuwa Adamawa tafiyar watanni ce, ba yadda sarki zai kasance ko'ina. Wasiƙa ce ƙafarsa. A fara da Bismilla, a faɗi wanda ya aiko da wanda aka aika wa, a yi gaisuwa, sa'an nan a faɗi magana a gajarce, a buga hatimi, manzo ya cika sauran da baki. Waziri Giɗaɗo, mijin Nana Asma'u, shi ne babban mai kula da wannan aiki. Littattafan Bello da yawa amsa ce ga tambayar wani sarki. Umaru Dallaji na Katsina ya nemi ya yi masa bayanin yadda a ke riƙon jama'a, sai ya rubuta masa Usulus Siyasa, ya kafa shi bisa ginshiƙai bakwai. Ciki akwai tsoron Allah, da rashin kwaɗayin sarauta, da zama da malamai, da zaɓen ma'aikata na kirki. Amma wurin da ya fi ba mu sha'awa shi ne inda ya sauko ƙasa, ya ce wajibi ne sarki ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya ga ko wane gari ya sami nasa, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya gyara kasuwanni da hanyoyi. Ƙasar nan tamu ta kudancin Katsina tana cikin wadda aka yi wannan littafi dominta. Ya kuma yi rubutu a kan ciwon ido, da basur, da amfanin filasko. Sarkin da ya zauna ya rubuta maganin basur lalle ba don a yabi hannunsa ya yi ba.

Wani Bature, Kyaftin Kilafaton, ya iso Sakkwato cikin Maris 1824, ya sake dawowa 1826. Ya ba da labari cewa Bello ya tambaye shi a kan ƙungiyoyin Kiristoci na da har ya rasa amsa, ya kuma faɗa masa sunayen buruji da taurari da Larabci. A zuwa na biyu ya kawo masa littattafan Larabci, cikinsu har da na Iƙlidisu na ilmin awo. Bello ya yi murna, ya ce da suna da shi, wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, gobara ta cinye shi. Bayan 'yan kwanaki Baturen ya shiga wurinsa ya iske shi zaune da littafin a buɗe. Kilafaton ya mutu kusa da Sakkwato cikin Afrilu 1827. Bello ya rasu a Wurno, ribaɗin da ya kafa, cikin 1837, can kabarinsa ya ke, Allah ya ji ƙansa.

Yanzu sai mu tafi Sin. Mutanen can ba su da babbaƙu kamar namu, ko wace kalma da tata siffa, mai ilmi sai ya san dubbai. Ba da alƙalami mai tsini su ke rubutun gargajiya ba, da buroshi ne na gashin dabba. Tawadarsu hayaƙin itace ne da a ke haɗawa da danƙo a busar, in za a yi aiki a goga bisa dutse da ɗan ruwa. A fara daga sama a gangaro ƙasa, layi na farko a dama kamar namu. Su ne kuma suka fara yin takarda, daga wurinsu ta kai Samarƙandu da Bagadaza, ta bi ta Andalus da Italiya, kun ga ashe mai wata ukun nan tamu asalinta nasu ne. A wurinsu kyaun hannu ya fi zane daraja, suna cewa halin mutum yana bayyana a bakin buroshinsa.

Cikin shekara ta 1100, sarkin daular Sung ya mutu bai bar ɗa ba, aka naɗa ƙanensa, saurayi ɗan shekara 17, wanda tarihi ya sani da suna Huizung. Wani babban waziri ya ƙi yarda, ya ce yaron ba shi da natsuwar da za ta riƙe ƙasa, amma uwar gidan sarauta ta rinjaye shi. Babban birninsa Kaifen, yana cikin mafi girman biranen duniya a lokacin. Huizung ya ƙago hannu nasa na kansa wanda a ke kira siririn zinariya. Layukansa sirara ne masu ƙarfi kamar an ja waya, ko wane ya ƙare da ɗan ƙugiya ko tsini kamar an datse da wuƙa. Wahalarsa ita ce buroshi laushi gare shi, layi mai kauri yana ɓoye rawar hannu, siriri kuwa ba ya ɓoye kome. Da wannan hannu aka rubuta kalmomin da ke bisa kuɗin zamaninsa. Gwani ne kuma wajen zanen tsuntsaye da furanni. Cikin 1112 aka ga manyan tsuntsaye masu dogon wuya, dangin gauraka, guda 20 bisa ƙofar fada, aka ce alamar alheri ce, zanen da aka yi na wannan rana yana nan har yau da rubutunsa a gefe. Ya kafa makarantar masu zane, a ba su baiti guda na waƙa a ce su zana ma'anarsa, shi ne jarrabawa. Jerin zane-zanen da ya tara a fada ya haura 6,000.

Ba za mu ce bai yi wa talakawa kome ba. A zamaninsa an yawaita makarantu cikin larduna, an buɗe gidajen jinyar matalauta, an keɓe maƙabartu ga waɗanda ba su da mai binne su. Amma sha'awarsa ta yi tsada. Ya gina wani lambu mai duwatsu a Kaifen, aka riƙa ɗauko masa manyan duwatsu masu ban mamaki da itatuwa daga kudu cikin jiragen ruwa. In dutse ya fi ƙarfin gada a rushe gadar, in ma'aikata suka ga itace mai kyau a gidan mutum sai su sa masa alama, ya zama na sarki. Cikin 1120 mutanen kudu suka yi tawaye a ƙarƙashin wani mai suna Fan La, ba a kashe wutar ba sai da aka yi asarar rayuka masu yawa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi rubutun kansa. Sarakunanmu magatakarda ke rubuta musu, hatimi ya tabbatar, waziri ya san abin da ya fita. Shi kuwa Huizung ya yawaita ba da umurni da hannunsa kai tsaye, ba tare da ya bi ta ofisoshin da suka saba dubawa ba, aka kuma sa horo mai tsanani ga wanda ya jinkirta zartar da irin wannan takarda. Hannun sarki ya zama shi ne hatimi. To, hannu kuwa a kan koye shi. Tarihin daular ya ce wani baban fada mai suna Liyan Shican ya tara magatakarda masu kyaun hannu, suka koyi rubutun sarki, ya riƙa cusa nasa umurni cikin na sarki ba mai iya rarrabewa.

Abin da ya kashe daular dai shawarar yaƙi ce. A arewa akwai daular Liyawo, wadda Sung ta fi shekara 100 tana biyanta azurfa da alharini ko wace shekara, ana zaune lafiya. Sai wata ƙabila ta mahaya dawaki, Jurcen, ta taso bayan Liyawo ta kafa daular Jin. Cikin 1120 Huizung ya ƙulla alkawari da su a haɗu a cinye Liyawo, don ya karɓo waɗansu larduna da aka daɗe da rasawa. Da aka fita, rundunar Sung ta kasa cin birnin da aka bar mata, wurin da Bejin ta ke yanzu, sai da Jurcen suka zo suka ci. Nan suka gane maƙwabcin nasu ba shi da ƙarfi sai dukiya. Ƙarshen 1125 suka gangaro kudu. Huizung ya yi murabus ya ba ɗansa, ya gudu, daga baya ya komo. Cikin Janairu 1127 Kaifen ta faɗi. Aka kwashe shi da ɗansa da matan fada da masu sana'a, dubban mutane, da littattafai da zane-zanen da ya tara, aka yi arewa da su. Suka laƙaba masa sarautar ba'a mai ma'anar wanda hankalinsa ya ruɗe. Ya mutu a hannunsu cikin 1135, a wani gari mai tsananin sanyi can arewa maso gabas. Wani ɗansa da ya tsira ya kafa sarauta a kudu, ta daɗe har 1279. Abin mamaki, wani sarkin Jin da ya hau cikin 1189, jikan waɗanda suka kama shi, ya zauna ya koyi siririn zinariya har hannunsa ya yi kusa da na Huizung.

Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa za su ce ga shaidarsu. Mu ba mu ga haka ba. Ba sa'o'in da Huizung ya yi da buroshi ne suka buɗe ƙofar Kaifen ba, alkawarin 1120 ne da mutanen da ya amince wa. In don yawan rubutu ne, ai Bello ma bai ajiye alƙalami ba ko a sansani. Bambancin da mu ke gani shi ne wanda a ke yi wa rubutun. Na Huizung a kan tsaya a kalle shi, har yau a gidajen tarihi na Sin a ke kallonsa, yara suna kwaikwaya. Na Bello kuwa a kan karanta a tashi a yi aiki, shi ya sa ya yaɗu da hannun ɗalibai, ko wane da irin nasa, wani mai kyau wani kamar tafiyar kaza. Wanda aka tara wuri ɗaya a fada rana ɗaya aka kwashe shi. Wanda ya watsu cikin gafakoki ɗari ya fi wuyar hallakarwa, ko da ya ke 'Yandoto ta nuna shi ma yana da ranarsa.

Mu da za mu tsaya gaban yara, da yawansu za su zo mana daga makarantar allo da hannu wanda ya riga ya saba da alƙalamin kara, ya san kauri da siranta, ya san jera layi ba tare da an ja masa ba. Bai kamata mu ɗauke su kamar ba su taɓa rubutu ba don kawai za su juya su fara daga hagu. Muna kuma roƙon 'yan'uwa na wajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, in an tafi hutu, a nemi izinin tsofaffi a sauko da gafakokin da ke rataye a zaure, a kakkaɓe, a duba ko gara ta shiga. A ɗaga warƙa ɗaya ga rana a ga ko akwai wata uku. A duba warƙar ƙarshe, nan marubuci ya kan sa sunansa da na ubansa, wani lokaci har da garin da ya zauna da ranar da ya gama. In an iske jerin ya rikice, kada a yi gaggawa, a bi kalmar gindin warƙa ɗaya bayan ɗaya, za ta kai mutum ga 'yar'uwarta.